Shin gasar 'yan dagaji ta fi ta manya daɗin kallo?

Mai Gidan Kallo, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota ƙwallon ƙafa. Ina neman ra'ayin masana a kan wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gidan kallon da nake kula da shi a garinmu. Wani ƙanena da ke karatu a Dutse ya dage a kan cewa gasar Firimiya ta Ingila ta gundure shi, wai gasar da ke ƙarƙashinta, wato Championship, ta fi ta armashi nesa ba kusa ba. Hujjarsa ita ce, tun kafin a fara kakar wasa mutum zai iya ƙirga ƙungiyoyin da za su iya ɗaukar kofin Firimiya da yatsun hannu ɗaya, alhali a ƙasa babu wanda ya isa ya ce ga mai hawa ga mai faɗuwa. Kullum sai ya tuna mana cewa Manchester City ta ɗauki kofin sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, kuma sau shida cikin kaka bakwai idan aka faro daga 2018.

Ni kuwa abin da idona yake gani daban ne. Ranar da Arsenal za ta kara da Manchester United, benci ba ya isa, sai an shimfiɗa wa yara tabarmi a gaban talabijin, wasu kuma su tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Amma da na biye wa yaron na kunna wasan Championship, ko kuɗin man janareta bai fito ba. Shin ƙanen nan nawa yana da gaskiya, mu ne ba mu gane ba, ko kuwa ra'ayi ne irin na 'yan boko? Haka kuma ina so in ji ko maganar tasa ta shafi gasarmu ta gida.

Malamin Makaranta, Bichi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a sana'a. Ƙanenka bai faɗi ƙarya ba, sai dai ya kamata a fara duba yadda aka tsara gasar kafin a yanke hukunci, domin daɗin nata daga tsarin yake fitowa.

Firimiya ƙungiya 20 ce, kowace tana buga wasa 38. Championship kuwa ƙungiya 24 ce, kowace tana buga wasa 46, sau da yawa Asabar da Talata, ta yadda ko ƙungiya mai ƙarfi sai gajiya da raunin 'yan wasa sun taɓa ta a tsakiyar hunturu. A tsarin da muka sani shekara da shekaru, ta ɗaya da ta biyu suna hawa kai tsaye, daga ta uku zuwa ta shida su yi wasan cike gurbi, a ƙare a filin Wembley da ke Landan, sannan uku na ƙarshen teburi su gangara rukuni na uku. Ma'anar wannan ita ce, ƙungiyar da take ta goma a watan Maris tana da abin da take hange a sama, wadda take ta goma sha bakwai kuma tana da abin da take tsoro a ƙasa. Wasan da babu abin da ya rataya a kansa kaɗan ne.

Wanda duk ya ga abin da ya faru tsakanin Watford da Leicester a wasan cike gurbi na 2013 ba zai raina wannan gasa ba. Ana dab da tashi aka ba Leicester fenareti, wadda da ta shiga da ita ce za ta je Wembley. Anthony Knockaert ya buga, mai tsaron raga Manuel Almunia ya tare, ƙwallon ta dawo masa ya sake bugawa, ya sake tarewa, kafin mutane su gama ihu 'yan Watford sun kwashi ƙwallon sun kai ɗaya ragar, Troy Deeney ya zura, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili. Ita Watford ɗin ma ba ta hau ba a shekarar, domin Crystal Palace ta doke ta a wasan ƙarshe. Leicester da aka bari tana kuka kuwa ta hau a 2014, ta kuma ɗauki kofin Firimiya a 2016. A 2025 ma an ga makamancin haka: Sheffield United ta ƙare ta uku da maki 90, Sunderland ta ƙare ta huɗu da maki 76, amma a Wembley Sunderland ta farke ƙwallon da aka fara zura mata, ta ƙara ta biyu a cikin mintunan da aka ƙara, ta haye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne halin da mai goyon bayan ƙaramar ƙungiya yake shiga bayan an hau. A kakar 2023/24 ƙungiyoyi ukun da suka hau, Burnley da Sheffield United da Luton, dukkansu sun koma inda suka fito, kuma Sheffield United ƙwallo 104 aka zura mata. A kakar da ta biyo baya Leicester da Ipswich da Southampton su ma suka koma gaba ɗaya, Southampton da maki 12 kacal, wasa biyu ta ci a kaka guda, duk da tana da 'yan Najeriya irin su Joe Aribo da Paul Onuachu. Mutumin da ya saba zuwa fili yana ganin ƙungiyarsa tana cin wasa, ya wayi gari duk mako ana lallasa ta, burin masu ƙungiyar kuma bai wuce a ƙare ta goma sha bakwai ba, wace shekara ce zai ce ta fi masa daɗi? A ganina, ga irin wannan mutum, shekarar neman hawa ta fi shekarar da aka hau. Ga kuma batun na'urar VAR, mai taimaka wa rafali ya sake duba hukunci ta bidiyo, da aka shigo da ita Firimiya a 2019, wadda ta sa ba a iya yin murnar cin ƙwallo sai an jira a ga ko za a soke, alhali a wasannin mako-mako na Championship idan rafali ya nuna tsakiyar fili magana ta ƙare.

Tsohon Gola, Haɗejia

Malam, Allah ya ƙara basira, ka yi bayani mai gamsarwa, amma ka yi mini afuwa, ban yarda da inda ka dosa ba. Na tsare raga a ƙungiyar unguwa tun ina saurayi har gwiwa ta hana ni, kuma abin da ya sa nake biyan kuɗin shiga gidan kallo shi ne in ga abin da ni da abokaina ba za mu iya yi ba. Idan ruɗani da rashin tabbas kawai nake nema, gasar cin kofin hakimi da ake yi a filin firamare ta ishe ni. Yadda Kevin De Bruyne, lokacin da yake Manchester City, yake raba ƙwallo ta ratsa tsakanin mutum huɗu ta sauka a ƙafar wanda ya nufa, ko yadda Mohamed Salah yake shigowa daga gefe ya lanƙwasa ta da hagu, ba a samunsa a ƙasa, kuma duk yaron da ya nuna alamar zai iya, kafin kaka biyu an saye shi an kai shi sama. Ɗan Najeriya Odion Ighalo ya ci wa Watford ƙwallo 20 a Championship a kakar 2014/15, amma yawancin mutanenmu ba su san da shi ba sai da Watford ta hau.

Cewa kuma Firimiya an san mai ɗauka tun farko, wannan magana ce ta bayan an gama. A 2012 sai a minti na 94 na wasan ƙarshe Sergio Aguero na Manchester City ya ƙwace kofin daga hannun Manchester United. A 2019 City maki 98, Liverpool 97. A 2022 Aston Villa tana cin City biyu da nema a ranar ƙarshe kafin 'yan City su farke su ci uku su ɗauki kofin. Wanda ya zauna a kan benci a waɗannan ranaku bai ji gundura ba.

Sannan ita Championship ɗin ba ta kai yadda ake kambama ta a daidaito ba. Ƙungiyar da ta faɗo daga Firimiya ana ci gaba da ba ta wani kaso na kuɗin talabijin har shekara biyu ko uku, don kada albashin 'yan wasa ya durƙusar da ita, kuma wannan kuɗi ya sa tana shiga gasar da ƙarfin da sauran ba su da shi. Dubi Burnley: ta ɗauki Championship a 2023 da maki 101 a hannun Vincent Kompany, ta faɗo a 2024, ta sake hawa a 2025 da maki 100, ƙwallo 16 kawai aka zura mata a wasa 46. Leicester ta faɗo a 2023, ta ɗauki kofin a 2024. Ashe a can ma akwai manya da ƙanana. Waɗanda ba su da wannan tallafi kuma sai su ci bashi suna neman kamo na gaba, har abin ya kai su ga halaka, kamar Derby County da aka cire wa maki 21 a kakar 2021/22 saboda matsalar kuɗi, ta gangara rukuni na uku duk da ƙoƙarin Wayne Rooney da ke horar da ita. Ban ga daɗin da magoya bayanta suka ji ba.

Mai Gidan Kallo, ƙasar Ringim

Na gode muku duka biyu. Ƙanen nawa ya karanta, ya ce in tambayi Baba Gola, idan kuɗin tallafin ne yake yanke hukunci, yaya aka yi Luton, wadda sai a 2014 ta dawo cikin rukunonin ƙwararru, ta kai Firimiya a 2023, kuma yaya Ipswich ta yi hawa biyu a jere a 2023 da 2024? Ya ƙara da cewa ita Luton ɗin da tallafin a hannunta ta sake faɗuwa zuwa rukuni na uku a 2025. Har yanzu dai ina jiran wanda zai taɓo mana gasar gida.

Sai Masu Gida, Gezawa

Alhaji, bari in amsa maka ɓangaren gida, tunda mu mun ɗanɗana. A nan Najeriya maganar ƙanenka ba ta zauna ba ko kaɗan, kuma dalili biyu ne.

Na farko, babbar gasarmu ba ta da ciwon da ake kuka da shi a Turai. Akwa United ta ɗauka a 2021, Rivers United a 2022, Enyimba a 2023, Rangers ta Inugu a 2024, Remo Stars a 2025. Shekara biyar, zakara biyar. Ko lokacin da Kano Pillars take ganiyarta, ta ɗauka a 2008 sannan ta jera 2012 da 2013 da 2014, ba a taɓa shiga kaka ana cewa an gama ba. Ciwonmu daban ne, shi ne wahalar cin wasa a waje, ta yadda sau da yawa mutum yana iya faɗin sakamako da zarar ya ji a gidan wa za a buga.

Na biyu, rukuni na biyu a nan ba wurin shaƙatawa ba ne. Da Pillars ta faɗi a 2022, bayan kakar da aka cire mata maki aka kuma mayar da wasu wasanninta na gida Abuja, babu wani mai goyon bayanta da na ji ya ce madalla, yanzu za mu huta da manya mu ji daɗin gasar gajiyayyu. Ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, a ce tana yawo filayen da ba a san da su ba, abin kunya muka ɗauke shi. Ba kasafai ake haska wasannin a talabijin ba, sai dai ka kasa kunne a rediyo ko ka jira wanda ya je ya rubuta a Facebook. Na taɓa bin motar magoya baya zuwa wani wasan waje, ba zan faɗi garin ba, muka tarar da fili rabi ciyawa rabi turɓaya, an ja layi da farar ƙasa, babu abin da ya raba 'yan kallo da mai riƙe da tuta sai igiya, ƙwallo kuma idan ta faɗi ƙasa ba ka san inda za ta nufa ba. A irin wannan wuri ba a maganar iya wasa, sai dai a yi ta dogon bugu ana addu'a.

Abin da Tsohon Gola ya faɗa game da manyan da ke cikin ƙanana ma ya faru a nan. Cikin ƙungiyoyi huɗun da suka faɗi a 2022, uku sun dawo a shekarar da ta biyo, wato Pillars da Katsina United da Heartland, saboda suna da gwamnatocin jiha a bayansu. Ku mutanen Jigawa kun fi ni sanin yadda zaman ƙasa yake da tsawo idan aka rasa dawowa da wuri, tunda Jigawa Golden Stars ta faɗi a 2021. Abu ɗaya zan amince da shi: ranar da aka tabbatar Pillars ta dawo a 2023, murnar da aka yi a Kano ba ta gaza ta ɗaukar kofi ba, haka ma mutanen Dambatta da kewaye lokacin da Barau FC ta hau a 2025. Amma wannan murnar fita ce, ba ta zama ba.

Dattijo Mai Rediyo, Gumel

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina ganin kowa yana amsa tambayar wani mai kallo ne daban. Baturen da yake cewa rukuni na biyu ya fi masa daɗi, ƙungiyar garinsu yake bi, wadda ubansa ya kai shi filinta yana yaro, kuma ko tana sama ko tana ƙasa ranar Asabar can zai je. Shi abin da ya dame shi kuɗin tikiti, da sauya lokacin wasa don masu talabijin, da ko ƙungiyar tasa za ta ci. Shi ya sa Hamburg ta Jamus, da ta faɗi a 2018 karo na farko tun kafa babbar gasar ƙasar, Bundesliga, a 1963, ta shekara bakwai a ƙasa amma filinta mai ɗaukar mutum fiye da dubu 50 bai daina cika ba har ta dawo a 2025. Sunderland ma har rukuni na uku ta kai a 2018, mutanenta ba su watse ba.

Mu kuwa ta talabijin muka zaɓi ƙungiyoyinmu. Arsenal ta yi jama'a a ƙasar nan ne tun zuwan Nwankwo Kanu a 1999, Chelsea ta ƙaru da zuwan Mikel Obi a 2006, kuma da Ahmed Musa ya koma Leicester a 2016 na ga yara a nan Gumel da shuɗiyar rigarta. To da Leicester ta faɗi a 2023, tana ɗauke da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho, mutum nawa ne cikinsu suka bi ta Championship? Wannan ba laifi ba ne, domin ba garinsu ba ne. A fagen dambe bayan kaka, idan ɗan garinku ne ya shiga, ko bai iya ba zuciyarka tana bugawa har a raba. Idan kuwa baƙi biyu ne, to sai shahararru za su tsayar da kai. Wasan Preston da Millwall a wurin mutumin ƙasar Ringim damben baƙi ne waɗanda bai taɓa jin sunansu ba, kuma ba za ka ga laifinsa ba idan ya riƙe kuɗinsa.

Ƙanenka, Alhaji, ya bi gasar har ya san labarin ƙungiyoyin, ya san wadda ta shekara 16 tana jira kamar Leeds kafin 2020, da wadda ta shekara 23 kamar Nottingham Forest kafin 2022, shi ya sa yake jin abin da sauran ba sa ji. Shawarata ita ce kada ka kashe manka a kan wasannin tsakiyar kaka. Ka bari sai watan Mayu, lokacin wasannin cike gurbi, ka sa shi ya tsaya kafin a fara ya gaya wa mutane abin da ke kan wasan: wasa ɗaya ne, wanda ya ci zai kara da su Liverpool a baɗi, wanda aka ci ya koma ya sake buga 46. Bahaushe yana son wasan da ake yin ta ta ƙare.

Tsohon Gola, Haɗejia

Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi wannan. Ga ɗana mai tambayar Luton da Ipswich kuma, ban ce kuɗi ne kaɗai ke hawar da ƙungiya ba, na ce yana karkatar da ma'auni, kuma misali biyu ba su rushe abin da ake gani kusan kowace kaka ba. Batun VAR da Malam ya kawo ma ina da ja a kai, domin wanda aka taɓa ci da satar gida a fili ƙarara, babu inda zai kai kuka, ba zai kira rashin na'urar daɗi ba, kuma su kansu masu gasar sun sa ta a wasan ƙarshe na Wembley tun 2022, da yake a nan ne kuɗin yake.

Alhaji, ƙari a kan shawarar Baba, ka lura da lokaci. Wasannin Championship na tsakiyar mako suna yawan faɗowa daren Talata da Laraba, daidai lokacin gasar Zakarun Turai, na Asabar kuma suna cin karo da na Firimiya, ƙarfe uku a farkon kaka, ƙarfe huɗu idan Turawa sun mayar da agogonsu baya a ƙarshen Oktoba. Muddin talabijin ɗaya da dikoda ɗaya gare ka, duk ranar da ka juya tasha daga Real Madrid zuwa Coventry saboda mutum ɗaya, sauran za su nemi ka mayar musu da kuɗinsu. Idan ƙanen naka da gaske yake, ya nemo abokai su haɗa kuɗin dikoda ta biyu, ka ba su ƙaramar talabijin a zaure.